Jitar Baba a Lamba Ɗaya

Ranar da waƙar ƙaninta Auta ta hau lamba ɗaya a jadawalin waƙoƙin mako, Kunne ba ta yi murna ba. Tana zaune a situdiyonta mai bangon soso, ta ƙure rediyo tana jiran jitar Baba a farkon waƙar. Ina! Sai ganga ta faɗo, muryar Auta ta biyo baya. An yanke Baba.

Kunne ake ce mata don ko sauro ya kauce wa kiɗa sai ta ji. Ita ta haɗa wa Auta waƙar tun daga tushe, ita kuma ta lallaɓa mahaifinsu, yana cikin ciwon ajali, ya zauna kan wata kujera mai karyayyen hannu a situdiyon ya kaɗa musu buɗewar. Yatsunsa na rawa, amma ya kaɗa. Bai sake taɓa jita ba.

Ta kira Auta. Mutumin da ta goya a bayanta ya shiga koya mata kasuwa: wai manajansa ya ce masu sauraron yanzu ba su da haƙuri, in murya ta yi jinkirin shigowa sai su tsallake waƙar, wadda aka tsallake kuwa ba ta hawa jadawalin mako.

"Yaya, ba wanda zai tsaya jiran tsoho," in ji shi, har da 'yar dariya.

Ba ta zage shi ba, kuma wallahi da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ranta ya yi baƙi ƙirin. Ta ajiye waya, ta buɗe kwamfuta, ga guntun Baba nan kwance inda suka yar da shi.

Akwai wata mai amshi da Auta ya sallama bara, don a wurin wasa an fi yi mata tafi. Kunne ta nemo ta. Suka kulle ƙofa makonni, shayi na hucewa a kofi, suna gina sabuwar waƙa a kan jitar. Kunne ba ta rage ko numfashin Baba ba. Har tarin da ya yi kafin ya fara ta bari. Sai ya gama kaɗawa tsaf sannan murya ta shigo. Mai amshi ta ji tsoro, ta ce anya mutane za su jira? Kunne ta ce ta yi waƙarta kawai.

Ta san ranar da albam ɗin Auta zai fito, tunda dangi sun cika waya da talla. A ranar ta saki tata. Gwaggonsu ta kira tana salati, wai ɗan'uwa ake yi wa haka? Kunne ta ce ai uba ma an yi masa.

Mutane kuwa suka jira. Direbobi suka jira, masu aski suka jira, matan shagon ɗinki har maimaita farkon suke yi.

Ranar Asabar da hantsi Auta ya shigo situdiyo ba sallama, tabarau a hannu, ido ja. Shirin waƙoƙi goma na kan gaba ya riga ya fara a rediyo, ana saukowa daga ta goma zuwa ta ɗaya kamar kullum. Ya fara faɗa, ya koma magiya, ya ce ko sunansa a saka, ai shi ma ubansa ne. Yana cikin magana aka sako tasa waƙar. Lamba huɗu. Da ta ƙare, sai ya juya zai fita.

Kunne ta turo masa kujerar mai karyayyen hannu da ƙafa. Daɗin da ta ji a lokacin, ba ta ji kunyarsa ba.

"Ina za ka? Baba bai zo ba tukuna, shi ake sakawa ƙarshe. Zauna ka jira shi."

Ya zauna.