Uku Daga Dama

Tun ƙarfe takwas tela ta kashe keken ɗinkinta, wai kada ƙararsa ta hana ta jin waya. Yau kwana uku da aka ɗebe mata ƙwai tara a asibiti, aka haɗa su da maniyyin mijinta. Shekararsu bakwai da aure. Wannan ne gwaji na biyu, kuma likita ya ce ba lallai jikinta ya ɗauki na uku ba.

Shida daga gidan ƙwai na hagu suka fito, inda wani kumburi ya daɗe yana tara tsohon jini. Uku daga dama. Likita bai ɓoye mata ba, ya ce ƙwai yana shan ruwan inda ya girma, na hagun nan kuwa cikin gurɓataccen ruwa suka tashi. An ce yau za a kira a faɗa mata nawa suka rayu.

Waya ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce, ba ta asibitin da ta adana ba. Ta katse.

"Wane ne?" in ji yayarta, tana warware kalmasa a kan benci.

"Mai doguwar rigar nan ce da ta kawo ɗinki, Yaya. Tun jiya take canza layi tana damuna. In ta riƙe ni da surutu asibiti suka kira fa?"

"To, sarkin dabara."

Sau uku tana katsewa. Ta jera zare, ta wargaza, ta sake jerawa. Ana cikin kira na huɗu sai ga mai doguwar riga ta yi sallama, hannuwanta biyu riƙe da ledoji, babu waya a kunnenta.

Ashe ba ita ke kira ba. Tela ta dubi yayarta.

"Ɗauka mana, kin tsaya kallona!" Yaya ta daka mata tsawa.

Ta ɗauka. Muryar mace ce. "Daga ɗakin gwaji nake kira, layinmu daban ne. Baiwar Allah, kin ba ni wahala."

"Ki yi haƙuri. Nawa?"

"Na hagu duk sun tsaya. Na dama ɗaya ya tsaya. Biyu suna girma yadda ake so. Jibi ki zo a dasa."

Tela ta zauna a kan tarin yadi. Ta ɗaga wa Yaya yatsu biyu.

"Ni dai rigata," in ji mai riga.

Yaya ta share ido da bayan hannu, ta jawo keken gabanta, ta dubi mai riga.

"Zauna, ni zan ƙarasa miki. Hannun ƙanwata yau ko zare ba zai iya zurawa ba."