Ba a Yaren Norway a Banɗaki

Ranar Alhamis za a yi wa Rabi'atu intabiyu ta bidiyo daga birnin Bergen na ƙasar Norway. Gidan kula da tsofaffi ne ke neman nas, kuma sharaɗi ɗaya suka kafa: ta nuna za ta iya yi wa tsohuwa wanka da yaren Norway. In ta faɗi sai baɗi, bizarta ta Amurka kuwa ba za ta kai baɗi ba.

Malamar da ke koya mata ta waya ta ce kalma ta fi zama a kai in ana kallon abin da ake kira da ita. Don haka tana dawowa daga asibiti ta shige banɗakin gidansu na unguwar Mount Hope ta rufo ƙofa. Ta nuna shawa ta ce dusj. Ta ɗaga sabulu ta ce såpe. Sannan ta dubi baho ta tambaye shi, cikin ladabi, ko ruwan ya yi masa zafi.

Tana buɗe ƙofa ta ga mahaifiyarta, Hajiya Hussaina, wadda ta zo daga Kano ganin likitan ido, tsaye da carbi.

"Da wa kike magana?"

"Da baho, Umma."

"Ya amsa?"

Rabi'atu ta yi bayanin Bergen da biza. Hajiya ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ba a magana a banɗaki, ko atishawa mutum ya yi a zuci yake hamdala, balle wani yare da ba a san masu shi ba. Wa ya sani ko na mazauna wurin ne? Ta ce in ta sake ji, Malam Ado za ta kira daga masallaci ya zo da ruwan tofi.

Washegari Rabi'atu ta dawo ta tarar banɗaki ya ƙaura falo. Ga bokiti, ga moɗa, ga soso da tawul a gaban talabijin. Hajiya na zaune a kujerar roba da mayafinta.

"Ga tsohuwa nan, auta. Wanke ta."

Babu ɗigon ruwa a bokitin, amma Hajiya ta ce ya yi zafi. Aka sirka, ta ce ya yi sanyi. Sabulun wari yake, tawul ɗin ya yi kaushi, a bari sai gobe, ai jiya ta yi wanka. Duk ƙorafin da ta kawo, sai Rabi'atu ta nemo amsarsa da yaren Norway kafin Hajiya ta yarda ta miƙo hannu. Kafin Laraba har Hajiya ta iya cewa nei, wato a'a, da kanta, kuma ba ta iya komai ba bayan wannan.

Ranar Alhamis wata mata mai furfura ta bayyana a kwamfuta. Ba ta tambayi sunan sabulu ba. Cewa ta yi a ɗauka ita tsohuwa ce da ba ta son wanka, sai ta harɗe hannuwa ta ce nei.

Rabi'atu ta ji kamar an turo mata 'yar gida. Ta lallashe ta, ta sirka ruwa, ta canza tawul, ta yi alkawarin ba za a jiƙa gashi ba. Da matar ta ce jiya ta yi wanka, amsar ta fita tun kafin ta rufe baki. Can dai matar ta sauke hannuwanta, ta ce a fara shirin tafiya, takardu na nan zuwa. Sai ta matso da fuska ta tambaya ko bokiti ne take gani a falo. Rabi'atu ta ce e, shi ne.

Da aka kashe kwamfuta Hajiya ta tambaya ko a can cikin banɗakin za ta riƙa yi wa tsofaffin duk wannan surutu. Rabi'atu ta ce aikin ke nan.

Hajiya ta ja carbi. "To, ki riƙa fito da su falo."