Ranar da Auta Ta Soke Tikitin Baba

Tun da aka sanar cewa za a rufe filayen jirgin sama saboda annoba, Auta ba ta ƙara shan shayi da zafinsa ba. Ofishinsu na sayar da tikiti ɗan ƙarami ne, tebur biyu da fanka ɗaya mai kuka, amma a makon nan sai ka ce duk duniya ta nan za ta bi ta wuce. Wannan a soke masa, wancan a matso masa da rana, wata ta yi kuka, wani ya yi zagi kamar Auta ce ta kawo cutar a jakarta. Ita ke fama da masu shigowa, kowa da takunkumi a fuska, abokin aikinta Dogo kuma yana kan wayoyi har muryarsa ta dishe.

Cikin wannan hayaniyar Baba, mahaifin Auta, ya shigo wata rana da tsakar rana, daidai lokacin da Dogo ya fita neman abin sawa a baki. Ba dacewa aka yi ba, ya daɗe a inuwar shagon gyaran takalmi yana gadin fitar Dogo.

Mama tana wata ƙasa a lokacin, wurin Yaya, babbar 'yarsu da ta haihu. Shirin da aka yi shi ne Baba zai bi ta bayan wasu watanni, ya ga jika, su dawo tare. Kowa da tikitinsa a ajiye. To ga annoba ta zo, jirgin ƙarshe tsakanin ƙasashen biyu zai tashi ranar Alhamis, daga nan kuma babu wanda ya san ranar buɗewa.

"Matso mini da nawa zuwa Alhamis," in ji Baba, bai ko zauna ba.

"Baba, ba kai ka ce wa Mama ta yi zamanta can ba? A gabana ka ce gidan ya fi maka daɗi ba surutu."

"Na faɗa. Jikana zan je gani, laifi ne?"

Auta ta dube shi. Rigarsa ta yi masa yawa, maɓalli ɗaya ba a raminsa ba. Tsohon nan tun da aka haife ta ba ta taɓa jin ya ce wa Mama ya yi kewarta ba. Iyakar soyayyarsa ya ce miya ta yi gishiri, ya kuma cinye ya nemi ƙari. Ita ma Maman ba ta fi shi ba. Kullum a waya cewa take, "Malam, kada ka kuskura ka fita, ni nan lafiyata ƙalau, ko tunanin gida ba na yi." Mutum biyu masu taurin kai aka haɗa a gida ɗaya, suka tsufa suna musu.

Ta yi ta danne-danne a kwamfuta har Allah ya sa wani ya saki kujera, ta cafke.

"Kuma kada uwarki ta ji," ya ce yana nuna ta da yatsa. "In ta ji za ta hana. Yayarki ma haka. Wancan dogon yaron ma bakinsa ba ya rufuwa. Yi mini alkawari."

Ta yi. Ta kuma riƙe, abin da ko ita ta yi mamakin kanta.

Ranar Alhamis Baba ya kama hanya tun da safe, alhali jirgin sai la'asar. Haka yake. In zai hau jirgi, gara ya yini a kan benci da a ce ya makara. Kuma tun daga ƙofar gida yake kashe waya ya tura ta ƙarƙashin kaya, don an taɓa gaya masa waya tana rikita jirgi, shi kuwa ba zai ɗauki alhakin mutane ba. An yi bayanin duniya, bai sauya ba.

Wajen hantsi Dogo ya ajiye waya, ya sha ruwa, ya yi ta sosa ƙeya.

"Auta, akwai maganar da aka ce kada in gaya miki."

"To kada ka gaya mini. Miƙo caja."

"Ai dole ce. Motocin haya sun daina zuwa filin jirgi sosai. Wa zai je ɗauko Mama?"

Hannunta ya tsaya a iska. "Wace Maman?"

"Taki mana. Ni ta kira shekaranjiya, ta ce in matso mata da nata zuwa yau. Ta ce ke 'yar Baba ce, in kin ji, ya ji. Ta ce a muryarsa ta gane ba ya cin abinci, ba za ta zauna a rufe hanya da shi shi kaɗai ba. Yanzu haka tana sama."

Jirgi ɗaya ne ke wannan hanya. Shi zai sauke Mama, a share shi, a zuba mai, ya ɗauki Baba ya koma. Ita ta fita ta ƙofar ƙasa, shi ya shiga ta ƙofar sama, sannan a rufe hanya a bayansu. Tsofaffi biyu, kowa ya tsallaka wurin ɗan'uwansa ya tarar da ɗaki babu kowa.

"Dogo, ka kashe ni. Baba yana filin jirgi da akwati."

Dogo ya dafe kai.

Ta kira Baba, a kashe. Ta sake, a kashe. Ta kira Yaya, wadda ta ɗauka da jariri yana tsala kuka a kunnenta.

"Yaya, ke ma da ke aka haɗa baki?"

"Rantsar da ni ta yi! Ke kuma me ya faru kike haki?"

Da Auta ta gaya mata, sai da Yaya ta yi salati ta ƙara. Sannan ta faɗi abin da ya ƙara dagula lissafi. A bakin ƙofar filin jirgi ta ajiye Mama, don ba a barin mai rakiya ya shiga. Ana auna zafin jikin kowa kafin a hau, wanda na'ura ta yi wa ƙara a kai shi wani ɗaki a tsare. Mama kuwa ta jibga rigunan sanyi biyu da mayafi mai kauri, tana ta gumi tun a mota. Layin wayar da take amfani da shi a can ta cire ta mayar wa Yaya, wai ba ta son riƙe kayan mutane.

"To ta hau ko ba ta hau ba?"

"Wallahi ban sani ba, Auta. Na dai ga shigarta."

Kwamfuta ta nuna Mama ta karɓi katin shiga jirgi, iyakar abin da ofishi irin nasu ke iya gani ke nan. Dogo ya kira kamfanin jirgin, aka saka masa kiɗa, wata murya tana ta ba shi haƙuri. Zuwa filin jirgi kuwa ba zai yiwu ba, yana can bayan gari, kuma ba mai shiga sai da tikiti a hannu.

"Saura kaɗan a buɗe wurin auna kaya," in ji Dogo a hankali. "Kin san shi zai zama na farko a layi. Da zarar sun ba shi kati, tikitin ya fita hannunmu."

Ta sani. Hanya ɗaya ta rage, ta soke tikitin Baba. In Mama tana cikin jirgin, ta haɗa su. In kuwa tana can a tsare a wani ɗaki saboda rigunan sanyi, to Auta da hannunta ta raba iyayenta, ta kuma ƙwace wa Baba kujerar ƙarshe. Mako guda tana soke tikitin mutane ba ta ji komai ba sai ciwon wuya. Yau ta kai yatsa za ta danna, ta janye.

"Ke kika san su," in ji Dogo.

Ta rufe ido ta hango Mama a gaban mai na'ura. Matar da ta taɓa sa likita ya sake auna ta har sau uku don ba ta yarda da sakamakon ba. In an ce jikinta da zafi, za ta tuɓe rigunan nan ɗaya bayan ɗaya, ta nemi ruwa, ta zauna ta huce, ta ce a sake. Matar da ta ji yunwar mijinta a cikin waya ba za ta bari wata 'yar na'ura ta tsayar da ita ba. Wannan ba hujja ba ce, Auta ta san haka. Amma ita kaɗai gare ta.

Ta yi bisimilla ta danna. Kafin ta ɗauke hannu kujerar ta ɓace, wani can ya cafke. Babu komawa.

Daga nan sai jira. Wata mata ta shigo a sauya mata rana, Auta ta yi mata aikin ba tare da ta san me take yi ba. Dogo ya haɗa mata shayi, ya huce a wurin. Har aka yi azahar.

Sai wayarta ta ɗauki ƙara. Baba. Abin da roƙo bai taɓa yi ba, fushi ya yi, ya tono wayar daga ƙarƙashin kaya ya kunna.

"Ke! Wane irin aiki kuke yi a ofishin nan? Na zo gaban yarinyar nan, ta ce wai an soke! A gaban mutane! Na ce 'yata ce ta yanka da hannunta, ta ce ai daga ofishin 'yar taka aka soke. Ni za ki wulaƙanta?"

"Baba, ni na soke. Ka yi haƙuri."

Da ya sake magana muryarsa ta sauka, ta zama ta wani tsoho da ba ta sani ba.

"Auta, jirgin ƙarshe ne fa. Gwiwarta ba ta son sanyin can. Wa zai..." Bai ƙarasa ba.

Hawaye ya zubo mata cikin takunkumi. Ta so ta ce masa Mama tana hanya, amma in ba ta hanya fa? Ba za ta ɗaga shi sama ta sake shi ba.

"Baba, don Allah abu ɗaya za ka yi mini. Ka ja akwatinka ka sauka ƙasa, ka tsaya a waje daidai ƙofar da masu sauka ke fitowa. Kada ka kashe waya."

"In yi me a can? Tallan akwati?"

"In ban taɓa roƙonka komai ba, yau na roƙe ka."

Ya yi tsaki mai tsawo. Ta ji ƙarar tayar akwati, ta ji ya tura wayar aljihu. Baba bai taɓa iya katse kira ba, kullum sai wanda ya kira ya katse. Yau Auta ta gode wa Allah da wannan hali. Ta ƙara murya ta ajiye wayar a tebur, ita da Dogo suka sunkuya a kanta.

Sun daɗe suna jin shafar yadi da gunagunin Baba. Ya yi wa kamfanin jirgi tas, ya yi wa annoba, ya yi wa 'ya'yan zamani. Aka yi sanarwa da lasifika, ba su ji me aka ce ba. Can sai hayaniya, tayoyin akwatuna, wani yana kiran wani. Mutane suka yi ta wucewa. Hayaniyar ta fara raguwa, ta ragu, har ta kusa ɗaukewa. Auta ta kama gefen tebur. Dogo ya daina kallonta.

Sai gunagunin Baba ya tsaya cak.

Wata murya ta taso daga nesa, takunkumi ya danne ta, amma ko a cikin barci Auta za ta gane ta.

"Malam? Me kake yi a nan? Ba na ce kada ka fita ba?"

Dogo ya daka tsalle har kansa ya kusa taɓa fanka. Auta kuwa ta zame ta zauna a ƙasa tana dariya tana kuka.

"Ke kuma wa ya ce ki dawo?" in ji Baba. "Kowa ya fito tun ɗazu, sai ke."

"Tsayar da ni suka yi, can ma haka, nan ma haka, wai jikina da zafi. Na ce su ba ni kujera in huce. Wannan akwatin fa? Ina za ka?"

"Iska na fito sha."

"Da akwati? Kawo in gani. Kai, dubi yadda ka rame. Maɓallin ma ba daidai ba."

Aka ji zuge zif.

"Malam," in ji Mama, muryarta ta yi laushi, "ai duk kayana ne a ciki. Man gwiwata, da silifas ɗina, har da filona. Ina naka kayan?"

"Wuri ne bai isa ba," in ji Baba. Ya yi gyaran murya. "An ce duk wanda ya sauka sai ya killace kansa a gida, ba shiga ba fita. Sai ki shirya, ni ba zan jure surutu ba."

"Za ka jure. Riƙe mini jakar nan."

Auta ta miƙa hannu ta katse kiran, don sauran ba nata ba ne. Ta share fuska, ta ɗauki makullin mota.

"In wani ya zo fa?" in ji Dogo.

"Ka ce na tafi ɗauko fasinjoji biyu."

Ta ɗaga kofin shayin nan mai sanyi ta shanye a tsaye, ta fita.