Takardar Harajin Baba

Ni Dwight Havlik, ɗan shekara talatin da ɗaya, ɗalibin likitan haƙori, na taɓa rantsuwa a gaban mahaifina cewa ko senti ɗaya ba zan sake nema a wurinsa ba. Laifinsa kawai ya ce in zauna mu ci gaba da noman masara, wai leƙen bakin mutane ba sana'a ba ce. Na buga ƙofa na fita. Shekara uku ko gaisuwar Kirsimeti ba ta haɗa mu ba.

Da na auri Noreen sai kaina ya ƙara girma. A lissafina na mai wayo, magidanci ya gama da iyaye. Abin da na manta shi ne albashinta na malamar firamare yanzu ya shiga takardar neman tallafin karatuna. Makaranta ta duba ta ce wai muna da hali, ta zabtare tallafin. Hali! Mu da muke cin taliya da miyar gwangwani sau biyar a mako.

Na tafi ofishin tallafi ina huci. Misis Tuttle, mai kula da takardunmu, ta bari na gama zuba, sannan ta ce akwai wani bashi mai sauƙin ruwa na ɗaliban fannin lafiya da iyayensu ba su da ƙarfi.

"Sai dai ka kawo takardar harajin iyayenka kafin Juma'a."

Na ɗaga mata hannu ta ga zobe. "Ina da aure fa."

"Allah ya ba da zaman lafiya. Ko jika gare ka, sai da takardar. In babu, ga bashin banki can, ko ka ajiye karatun bana."

A gida na ce wa Noreen gara in ajiye karatun. Ko kallona ba ta yi ba, tana ta duba littattafan 'yan ajinta.

"To, sarkin zuciya. Ni na auri likita ne, ban auri mai rantsuwa ba. Makullin mota na kan firji."

Awa huɗu na yi a hanya zuwa gonar Baba a yammacin jihar Nebraska ta Amurka ina tsara jawabi. Zan nuna masa ba roƙo na zo ba, doka ce ta turo ni. Har na shirya yadda zan ɗaga gira.

Da ya buɗe ƙofa, jawabin ya gudu ya bar ni. Baba ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Na ce, "Baba, takardar harajinka nake so." Shekara uku, kuma abin da bakina ya iya ke nan.

Bai tambaye ni komai ba. Ya shiga ɗaki ya fito da wata ambulan, ya ajiye a teburin kicin, ya zuba mana kofi. Na buɗe ina shan ƙamshi kamar jami'in haraji. Sai na ga abin da gonar ta kawo bara. Bai kai rabin albashin Noreen ba. A shafi na gaba na ga ya sayar da filin da ke bayan rafi, wanda kakana ya share da hannunsa.

Kunya ta rufe ni. Duk tsawon lokacin nan ina taƙama na ƙi kuɗin mutumin da ba shi da su.

"Da wannan za su ba ka?" in ji shi, ya kare baki da hannu.

"Za su ba ni, Baba. Da gudu ma."

"To, madalla. Ko ba komai talaucina ya yi maka rana."

Dariya ta kufce masa, hannun ya sauka. Haƙoran gaba biyu babu, dasashin ya kumbura ya yi ja. Na san sunan ciwon, na ci jarrabawa a kansa watan jiya, har na yi wa 'yan ajinmu burga da makin da na samu.

"Baba, me ya hana ka zuwa asibiti?"

"Na tambayi kuɗin," ya ce, yana tura mini ambulan ɗin. "Sai na ce bari in jira nawa likitan. Ka dai yi sauri ka gama, Dwight. Sauran ma sun fara girgiɗi."