Gwajin da Ya Fi Barcin Kumatu Tsawo

Tun da Kumatu ta fara rarrafe, babu abin da ya rage a ƙasa a gidan nan. Takalma sun hau saman firiji, kwandon shara ya koma bayan ƙofa an ɗaure shi da igiya, kowace kusurwar tebur kuma an naɗe ta da tsohuwar safa. In aka ce wa Maman Kumatu tsoronta ya yi yawa, sai ta ce wannan ba tsoro ba ne, tsari ne.

Aikinta rubuta manhaja ne a wata cibiya mai nazarin ruwan sama da ambaliya. Masu binciken cibiyar suna aiki da wani babban laburaren lissafi na kwamfuta, irin wanda ake ɗora wa dogayen jerin lambobi ya haɗa, ya raba, ya juya su yadda ake so. Laburaren na da ƙarfi, amma akwai wani lissafin kwararar ruwa da yake jan ƙafa a kansa kamar tsoho mai ciwon gwiwa. Shi ya sa aka ba ta aikin gina masa ƙari, wato 'yar manhajar da za a maƙala a jikinsa ta riƙa yin wannan lissafin a guje. Farfesa, shugaban sashensu, ya yarda ta yi aiki daga gida tun bayan haihuwa, muddin aiki na fita.

Aiki kuwa ya fita, sai dai yana isa ofis yake faɗuwa.

"Injiniya," in ji Farfesa a waya da hantsi, "abin naki ya sake kashe mana inji."

"Ranka ya daɗe, a wurina lafiya lau yake."

"Haka kika ce shekaranjiya."

"Ai shekaranjiyan ma lafiya lau yake."

Ta ji yana jan numfashi. Ta maƙale wayar da kafaɗa, ta sunkuya ta zare murfin kwalba daga bakin Kumatu, ta jefa shi aljihu inda 'yan uwansa suke.

"Da safe mu kunna," Farfesa ya ci gaba, "ya kama gudu har mu fara sa miki albarka. Kafin a tashi cin abinci fankar kwamfutar ta fara gurnani, allo ya daskare, ko maus ba ya motsi. Waɗanda suka ba mu aikin nan za su zo ƙarshen mako su gani. In ba ki gano matsalar ba, sai ki dawo ofis ki zauna kusa da injin, ki ga mutuwarsa da idonki. Ai akwai gidan raino a ƙasan benenmu."

Ta san gidan rainon nan. Ta taɓa leƙawa, ta tarar da wani yaro ya jingina da bango yana lasar ƙasan takalmi cikin natsuwa, mai rainon kuma ta ce mata kada ta damu, nasa ne. Tun ranar ta yi wa kanta alkawari Kumatu ba za ta taka wurin ba sai ta iya kai ƙara da bakinta.

Babu abin da ba ta gwada ba. Ta goge ƙarin ta sake gina shi daga tushe. Ta sa aka karanto mata sigar laburaren da ke kan injin ofis, ta sauke irinta sak. Ta karɓo lambobin kogin da suke ɗora masa, ta ɗora a tata kwamfutar, ya haɗiye su yana neman ƙari. Har dandalin masu kula da laburaren ta kai kuka, wani bawan Allah ya amsa cikin ladabi cewa ta turo ɗan misali mafi ƙanƙanta da ke nuna matsalar. Ta daɗe tana kallon amsar. Ita da ba ta taɓa ganin matsalar ba, wane misali za ta tura?

Yadda take aikin kuwa, shi ma tsari ne. Batirin kwamfutarta ya daɗe da mutuwa, sai an jona ta da wuta take numfashi. Soket ɗin da ba ya rawa a gidan guda ne, a falo, dab da ƙasa. Kumatu kuma ba ta da abin so a duniya irin wayar caji. Saboda haka da yarinya ta yi barci sai a jona, da ta motsa sai a zare, a naɗe waya, a ɗora kwamfuta saman kabad. In dare ya yi ma ba a magana, duk abin da ke da waya a gidan sai ta zare shi, firiji kaɗai ya tsira, shi ma don Baban Kumatu ya roƙa masa. Barcin Kumatu na rana kuwa, ko shayi ba ya hucewa kafin ya ƙare.

Tana zaune a ƙasa ta haɗa tagumi, Kumatu na ja mata kunne, sai ga Goggo, ƙanwar babanta, ta turo ƙofa. Goggo ta raini yara har ta daina tuna wane ne na wa. Ta tsaya tsakiyar falo tana kallon teburin nan mai safa.

"Ikon Allah. Sanyi yake ji ne?"

"Goggo, kaifi gare shi."

"Ke da kika girma kina kwana ƙarƙashin keken ɗinki? Miƙo mini kishiyata in ganta. Kai, dubi yarinya, fari fat kamar an ɓoye ta a tukunya. Rana ta taɓa ganinta kuwa?"

"Tana gani ta taga."

"Ta taga! Fursuna ce?"

Maman Kumatu ta ba ta labarin Farfesa da injin da gidan raino. Goggo ba ta fahimci ko kalma ɗaya game da injin ba, kuma ba ta nuna tana son fahimta ba. Ta saɓa yarinyar a kafaɗa.

"Aiki kike so ki yi, ko? To, yi. Mu za mu je lambun ƙarshen layin nan mu sha iska."

"Akwai karnuka a layin."

"Za mu gaishe su."

Sai da aka yi ciniki mai tsawo. A ƙarshe Goggo ta fita da yarinya da jaka mai ɗauke da hula, da wata hular ko da ta farko ta faɗi, da ruwan da aka tafasa, da man sauro, da ma'aunin zafin jiki. An yi yarjejeniya za su dawo nan da ɗan anjima, kuma wayar Goggo za ta kasance a kunne.

Maman Kumatu ta sauko da kwamfuta, ta jona, ta tayar da gwajin kamar kullum. Ta zauna. Ta miƙe. Ta je taga, ba ta hango kowa ba sai mai gyaran keke yana hamma. Ta kira wayar Goggo, wayar ta yi ƙara daga ƙarƙashin matashin kujera. Ta ɗauki mayafi za ta bi su, ta tuna ba ta barin abu a jone ta fita, ta tuna kuma in ta zare aiki ya tsaya, ta ajiye mayafin. Ta wanke kwanukan da ta riga ta wanke. Ta sake komawa taga. Inuwar gidan maƙwabta ta tsallako titi ta iso bakin ƙofarsu, babu Goggo babu labarinta.

Tana tsaka da ƙirƙiro karnuka a ranta ta ji wani gurnani a bayanta. Ta juya. Fankar kwamfutar ce.

Ta durƙusa gaban allo, ta buɗe ma'aunin da ke nuna yawan memori, wato ma'ajiyar wucin gadi, da manhaja ke ci. Layin ya yi sama kamar matakalar bene, yana hawa ba ya saukowa, ya kusa taɓo rufi. Tana kallo ya taɓa. Allo ya daskare. Ta girgiza maus, ko gezau.

Ba ta taɓa murnar lalacewar wani abu irin ta ranar ba. Har ɗan tsalle ta yi. Ashe ƙarin nata bai taɓa yin lafiya ba. Ciwon a hankali yake taruwa, ita kuwa ba ta taɓa barinsa ya yi gudun da ya wuce barcin Kumatu ba. Duk sanda ya fara cika, sai yarinya ta motsa, a zare waya, komai ya goge, a sake farawa da sabon jini.

Ta kashe ta kunna, ta shiga cikin rubutun ƙarin, kuma tun kafin ta isa wurin ta san abin da za ta tarar. Laburaren nan yana da ƙa'ida. Duk manhajar da za ta yi aiki da jerin lambobi sai ta sanar cewa ta riƙe shi, in ta gama ta sanar cewa ta saki. Jerin da kowa ya saki, laburaren ya share shi ya ba wani wurin. A farkon aikin ta taɓa sakin wani jeri da wuri, aka share shi tana tsaka da amfani da shi, komai ya tarwatse. Abin ya tsorata ta. Maimakon ta matsar da layin sakin zuwa inda ya dace, sai ta cire shi ɗungurungum, ta ƙara wani riƙon a kan na farko, ta rubuta a gefe da manyan baƙaƙe: KADA A TAƁA, DON KARIYA. Tun daga nan duk jerin da ya ratsa ta hannun ƙarin nata, ya shiga ke nan. Kogi guda na lambobi, babu wanda aka bari ya tafi gida.

Ta goge riƙon na biyu. Ta bi lissafin layi-layi har inda aka gama da jerin da gaske, ta rubuta sakin a wurin. Ta karanta, ta sake karantawa, yatsanta na shawagi a kan madannin gogewa, sannan ta cije ta bar shi.

Ƙofa ta buɗe. Kumatu ta shigo a kafaɗar Goggo, babu hula ko ɗaya, safa ƙafa guda, ciyawa a gashi, hannu a dunƙule da wani jiƙaƙƙen ganye, tana ɓaɓɓaka dariya. Uwar ta fizge ta, ta duba baki, ta duba kunne, ta ƙirga yatsu, ta shinshina wuya.

"Goggo, me ta ci?"

"Iska."

"Wannan koren a haɓarta fa?"

"Iskar lambu ce."

Ta buɗe baki za ta fara wa'azi, sai idonta ya faɗa kan wayar caji, ta kai hannu ta zare da sauri. A nan wani tunani ya faɗo mata. Ta yi gyara, amma ba ta da shaidar ya yi. Kafin ta tura wa Farfesa, dole ƙarin ya yi gudun da ya fi na yau tsawo, a jone, a falo, dab da ƙasa.

Goggo ta lalubo wayarta daga kujera tana gyara ɗaurin ɗankwali.

"Goggo."

"Na'am."

"Gobe kina da abin yi?"

Goggo ta juyo a hankali, ta dube ta sama da ƙasa. "Akwai karnuka fa a layin."

"Don Allah, Goggo."

"Kuma an ce rana na taɓa mutane."

"Wuni nake so. Tun daga safe."

Washegari aka fita da jaka biyu. Maman Kumatu ta wuni tsakanin taga da allo har wuyanta ya ƙage. Layin memori ya ɗan hau, ya sauko, ya ɗan hau, ya sauko, kamar ƙirjin mai barci. Fanka ko tari ba ta yi ba. Da yamma ta tura.

Ana gobe baƙi za su zo Farfesa ya kira, muryarsa wasai.

"Injiniya, tun safe yake gudu, har mun tashi bai ko yi atishawa ba. Mene ne ya same shi?"

"Riƙo ne ya yi yawa, ranka ya daɗe. An gyara."

"To, madalla. Ki yi zamanki a gida. Amma daga yau duk abin da za ki turo, ya wuni yana gudu tukuna. Kuma na ji labarin batirin nan naki. Zan sa a kawo miki sabuwar kwamfuta."

Ta ajiye waya zuciyarta fes. Babu gidan raino, babu yaro mai lasar takalmi. Da sabon batir kuma, sai ta ɗora kwamfuta saman kabad ta wuni tana gudu, babu waya a ƙasa, babu dalilin da zai sa wani ya fita da 'yar mutane cikin karnuka. Ta juya za ta yi wa Goggo wannan albishir cikin dabara.

Ta tarar Kumatu ta rarrafa har bakin ƙofa, ta kama zanen Goggo ta miƙe tsaye, tana dukan ƙofar da tafin hannu tana ihu.

"Goggo, ai an kusa kawo sabon batir, ba sai kin…"

"Allah ya sa alheri," in ji Goggo, ta sure yarinyar. "Ku gaisa da batirin. Mu muna da alkawari da wani kare."

Kafin ta ce wani abu sun kai tsakar layi. Maman Kumatu ta tsaya a bakin ƙofa, ta kalli falo, ta kalli titi. Sannan ta koma da gudu ta ciro hula, ta bi su ƙafa babu takalmi, don takalman na saman firiji.