Tabo a Fuskar Sarki

Da aka ja farin labulen, duk wani kai da ke cikin zauren makarantar Okuse ya sunkuya. Maigari, dattawa, malamai, yaran da suka gangaro daga gonakin tudu da jajayen kumatu, kowa idonsa na kan yatsun ƙafarsa. Ba a jin komai sai shaƙar majina, don ba yaron da ya isa ya ɗaga hannu ya share hanci a gaban hoton Sarki, wanda aka hana kowa kallo.

Kinue kaɗai ta saci kallo. Ba Sarki take son gani ba, mijinta Sakuzo take son gani. Wannan ne bikin kaka na farko tun da aka naɗa shi shugaban makarantar, kuma ita ta goge masa baƙar rigar bikin, ita ta wanke farar safar hannun nan har yatsunta suka yi tsami. Ga shi can tsaye, siriri, wuyansa ya yi wa kwalar rigar kaɗan. Zuciyarta ta cika har ta ji kamar ta yi dariya.

Sai idonta ya zame zuwa bayansa, inda hoton yake.

Daga gefen kunnen Sarki wani tabo ya gangaro bisa kumatu, toka-toka da ɗan kore. Babu macen da ta taɓa yin damina a kwarin nan da ba ta san shi ba. Fumfuna ce.

In ba ranar biki ba, hoton yana zaune ne a wani ɗan ɗakin siminti a bakin ƙofar makaranta, ba taga, ba iska. Lokaci-lokaci Sakuzo kan buɗe ƙofar don hoton ya sha iska, bakinsa ɗaure da farin ƙyalle, idonsa a ƙasa kamar yadda aka koya masa tun yana ɗan aji ɗaya. Damina guda yana hidimar hoton, bai taɓa ɗaga ido ya dube shi ba.

* * *

Da azahar ya shigo gida yana walwala, ya zauna bakin kaskon wuta yana ɗumama hannu.

"Kin ji mijinki yau? Na karanta umarnin Sarki daga farko har ƙarshe, harshena bai sarƙe ko sau ɗaya ba. Maigari har hawaye ya yi."

"Giyar jiya ce ke fita masa ta ido."

"Kai, wannan baki naki! Wata rana sai an kama mu saboda ke."

Ta zuba masa shayi. In ta yi shiru, sufeton lardi zai zo duba hoton kafin sabuwar shekara, shi kuwa kallo ne aikinsa. In ta faɗa, ta san mutumin da ta aura.

"Maigida, akwai tabo a fuskar hoton."

Murmushin bai bar fuskarsa nan take ba, sai da ya ɗan jima a wurin, marar amfani.

"Kin kalla?"

"Kai nake kallo."

Ya tashi ya fita ko takalmi bai sa daidai ba. Da ya dawo, leɓɓansa sun yi fari. Bai zauna ba, ya tsaya tsakiyar tabarma kamar baƙo.

"Ba ni hoton," in ji Kinue. "Auduga da ɗan ruwan giya, in goge a hankali. Haka nake yi wa akwatin tufafin Inna."

"Da hannun da kike fede kifi?"

"To mu tafi! Yayana yana da gona a Hokkaido, can arewa mai nisa, ba wanda ya san mu can. Sakuzo, takarda ce fa! Wani mai hoto ne ya wanke ta cikin ruwan magani, kamar hoton aurenmu..."

Ya toshe mata baki da tafinsa. Tafin sanyi ƙalau. Amma bangon gidajen kwarin na takarda ne, kuma an riga an ja ƙofar gefe. Inna Tome, mahaifiyarsa, na tsaye da kwandon kanya a hannu.

"Ɗaruruwan idanu a zauren nan, duk sun san wurinsu," in ji tsohuwar, muryarta a kwance. "Sai na surukata ne suka fi na kowa kaifi. Sannu, 'yar birni."

"Inna, da ban gani ba ma yana nan."

"Uban yaron nan ya kwanta a filin yaƙi da sunan Sarki a bakinsa. Gashin kansa kawai aka kawo mini." Ta ajiye kwandon. Ba ta dubi ɗanta ba. "Gidan Hoshina bai taɓa jin kunya ba."

Da yamma Kinue ta sami tsohuwar bayan gida a bakin rijiya, tana wanke fuska. Ta wanke, ta sake wankewa, ta sake. Kinue ta juya ta koma ciki.

* * *

Kafin aurensu Sakuzo waƙoƙi yake rubuta mata, a kan gashinta, a kan yadda take tsallake kududdufi. Yanzu waƙoƙin da yake koyarwa duk na furanni ne masu faɗuwa tun suna da kyau, don Sarki. A wannan makon bai rubuta komai ba. Yana zuwa aji, yana dawowa, yana cin shinkafarsa da miyar wake kamar mai cika umarni.

"Kin san labarin da nake ba yara," ya ce mata wata safiya tana ɗaura masa ƙunshin abinci. "Shugaban makarantar da ya shiga wuta don ya ceto hoton, aka tsinci gawarsa rungume da shi. Kowace shekara nakan tambaye su, wa zai yi haka? Duk su ɗaga hannu, Kinue. Har ƙananan da ba su iya ɗaura ɗamara ba. Ni na sa su ɗaga hannun."

"To ka koma ka ce su sauke."

Ya yi 'yar dariya, ta farko a makon. "Ke dai ba a kayar da ke."

"Ba wasa nake ba. Ka dube ni. Ni ba a hana kallona ba."

Ya dube ta, ya daɗe. Sa'an nan ya gyara mata wani gashi da ya sauko goshi.

"Zan kai hoton lardi da kaina, in nemi gafara. Iyaka su kore ni. Sai mu tafi wurin yayanki, ki ga yadda malami ke ɓata gonar dankali."

"Ka rantse."

"Ki fara haɗa kayan sanyi."

Ta haɗa. Ranar da ya tafi, hoton na cikin akwatin katako goye a bayansa, mataimakinsa Malam Nagura na biye. Inna Tome ta miƙa masa sabuwar rigar ciki fara fat kamar likkafani, wadda ta ɗinka da hannunta. Kinue ta ga rigar, ta ga tsohuwar, ta ƙi yarda da abin da ta gani.

* * *

Malam Nagura ne ya dawo shi kaɗai. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ƙi shiga.

Ya ce a ofishin lardi ba wanda ya ɗaga murya. An karɓi akwatin, an ba su shayi mai kyau. Babban jami'in ya raka su har ƙofa, ya ce, "Ba za mu gaya wa Malam Hoshina komai ba. Mutum irinsa ya san abin da ya dace." A tasha Sakuzo ya ce zai sayo wa matarsa alawa. Jirgin ƙasa ya zo, ya tafi, bai dawo ba. Masu wankin ganye ne suka ga gawarsa cikin kogi ƙarƙashin gada, takalmansa jere a bakin ruwa inda ya cire su da kansa.

Jaridar lardi ta kira shi madubin malamai. Maigari ya zo gaisuwa ya yi kuka na gaske. Matan da ba su taɓa gaida Inna Tome da farko ba suka dinga rusuna mata a hanya, ita kuwa ta daina cin abinci sai an matsa. Malam Nagura, da aka ba riƙon makarantar, ya fara ba yara labarin Sakuzo a aji. An ce da ya yi tambaya, duk sun ɗaga hannu.

* * *

Ranar da za a kai tokar gawarsa makabarta, bayan an ƙona ta bisa al'ada, dusar ƙanƙara ta rufe kwarin. Kinue na gaba, ɗan akwatin tokar naɗe da farin ƙyalle rataye a wuyanta, Inna Tome na dogara sanda a baya. Da suka fito babbar hanya sai suka tarar da 'yan makaranta jere gefe da gefe, suna rawar ɗari, riƙe da ƙananan tutoci. Lardi ya aiko da sabon hoto.

Ɗan sandan ƙauye ya rugo, takobinsa na bugun cinya.

"Matar Malam! Haba, yau kuka zaɓa? Motar ta kusa." Ya dubi akwatin, ya sara masa, sannan ya rage murya. "Ki yi haƙuri. Abin mutuwa ba ya haɗuwa da Sarki a hanya. Ku ɓoye shi."

"Shi ne fa," in ji Kinue. "Sakuzo ne."

"Na sani, wallahi na sani. Ga rumfar gawayi can, ku zaga baya. Don Allah ku yi sauri, kada a ce ni ne."

Inna Tome ce ta kama hannun rigarta ta ja. Suka ratsa ƙanƙarar da ta kai musu gwiwa, suka tsaya bayan rumfar, tsakanin buhunan gawayi da bango. Wurin bai ishe su su biyu ba sai da suka manne da juna. Daga hanya aka ji ƙarar mota, aka ji Malam Nagura ya ba da umarni, muryoyin yara suka tashi da waƙa.

Ƙanƙarar da ke narkewa daga rufin tana ɗigowa baƙa, gauraye da ƙurar gawayi. Tsohuwar ta kwance mayafinta, ta lulluɓe akwatin da ke ƙirjin surukarta, ta bar hannunta a kai. Suka jira a gama waƙar.