Okid Ɗin da Manaja Ya Ce a Ƙona

Shekara ashirin da shida ta yi tana wanke tukwane a gidan rainon furanni, har sunanta na yanka ya ɓace, kowa sai Mai Tukwane. Wurin aikinta bayan rumfar gilashi ne, gaban famfo, da buroshi da bokitin ruwan sabulu. Duk tukunyar da ta biyo ta hannunta, ta san abin da ya zauna a ciki, ta kuma san abin da ya kashe shi.

Wata Talata sabon manaja, matashi mai digiri biyu a aikin gona, ya shiga zagayen rumfar okid, furannin nan masu tsada da ba a dasa su a ƙasa sai a ɓawon itace. Ya tsaya a kan wani da ganyensa ya yi yaushi, ga dabbare-dabbare kamar an yayyafa masa toka.

"Cuta ce," in ji shi. "A fitar da shi a ƙona kafin ya shafa wa sauran."

Mai Tukwane tana bakin ƙofa da tukwane a rungume. Ta sauke su.

"Ranka ya daɗe, wannan zanen ba cuta ba ne, gado ne. Haka ganyen uwarsa yake."

Manaja ya zaro 'yar takardar da ke soke a tukunyar. "Nan an rubuta farin okid. Farin okid kuwa ganyensa kore ne shar."

"Takardar ce ta yi ƙarya, an musanya ta ranar sauyin tukwane. Wannan ruwa biyu ne. Tsohon mai lambu, Allah ya jiƙansa, shi ya haɗa irin, da tsinken sakace ya ɗebo garin furen uban ya sa wa uwar. Uwar mai zanen ganye ce, furenta ruwan hoda. Uban ƙarami ne, mai ƙamshi. Ni na wanke kwalaben da aka raini 'ya'yan a ciki, guda ɗayan nan ya rage. Ciwonsa a saiwa yake, ruwa aka cika masa."

Ma'aikatan da ke wurin suka zubo ido. Manaja ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi.

"Mama, kowa ya tsaya a kan aikinsa."

"To, tunda wuta za a sa masa, a ba ni."

"Ɗauki, na ba ki. Amma kada ya sake shigo mini nan."

A cikin bokiti ta kai shi gida, ta hau da shi bene har ɗakinsu. Mijinta tela ne, kekensa na nan gaban tagar falo. Ya leƙa bokitin ta saman tabarau.

"Yau kuma gawa aka ba ki a madadin ladan aiki?"

"Malam, matsar da keken nan. Tagar nake so."

"Shekara goma sha tara ina ɗinki a tagar nan!"

"Ai ka more ta."

Ya yi mita, amma ya ja keken ya koma kusa da ƙofa.

Ta shimfiɗa tsohuwar jarida ta zazzage tukunyar. Ɓawon ya ruɓe ya zama taɓo, yana wari. Saiwoyin sun yi baƙi, in ta matsa sai su fashe da ruwa. Ta gasa sabuwar reza a wuta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana yankewa, har saura biyu masu ƙwari, gajeru kamar ɗan yatsa. Ta barbaɗa garin kirfa a bakin yankan, ta bar shi ya sha iska. Washegari ta huda robar man shafawa ta ko'ina, ta zuba gutsattsarin gawayi da ɓawon kwakwa, ta zaunar da shi, ta ɗaure shi a jikin tsinke da ƙyallen da ta tsinta ƙarƙashin keken Malam. Ta sakaya tagar da farin mayafi don kada rana ta ƙona shi.

Ruwa sau ɗaya a mako, da safe, in ya ɗiga tsakanin ganye ta tsane shi da auduga. Duk da haka a wata na biyu ganye ɗaya ya yi rawaya ya faɗi, saura biyu. A wurin aiki har an fara yi mata gaisuwar tsokana: "Mai Tukwane, ya mai jiki?" Ita kuwa sai ta ce, "Yana gaishe ku," ta ci gaba da dirzar tukunya. A gida ta zauna ta daɗe tana kallon ganyen da ya faɗi.

A wata na huɗu wani ɗan tsinin saiwa kore ya leƙo. Malam ne ma ya fara ganinsa, ya ƙwala mata kira kamar an yi haihuwa. Bayan shekara guda da 'yan makonni sandar fure ta fito daga gindinsa, ta buɗe fure biyar ruwan hoda, masu siffar tauraro. Da hantsi falon ya ɗauki ƙamshi kamar an ɓare lemo.

Ta ɗauke shi ta tafi da shi aiki, amma ba ta shiga da shi ba. A kan bencin maigadi ta ajiye shi, waje da ƙofa. Kafin motar manaja ta iso, ma'aikata da masu wucewa sun yi masa zobe.

Manaja ya sauko, ya duba ganyen, ya sunkuya ya shinshina. Ya zaro waya ya jima yana gwada shi da hotuna. Sannan ya gyara murya.

"Lallai irin nan ba a cika samunsa ba. A shigar da shi ciki, kayan kamfani ne."

"Kayan kamfani an ƙona shi bara," in ji Mai Tukwane. "Wannan nawa ne. A gaban mutum bakwai ka ba ni."

"Mama, kin san zan iya sallamar ki?"

"Sallame ni. Da ni da shi mota ɗaya za mu hau."

Ta miƙa wa maigadi amanarsa, ta wuce bakin famfo. Da aka tashi ta rungume abinta ta koma gida.

Takardar sallama ba ta zo ba. Mako biyu manaja bai amsa gaisuwarta ba, ita kuma ba ta fasa gaishe shi ba, da ƙarfi, yadda kowa zai ji. A mako na uku tana tsugune sai ta ga takalmansa a cikin ruwan sabulu. Yana riƙe da faranti, okid goma sha ɗaya a kai, duk takardunsu sun goge.

"Waɗannan fa?" ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Kin san su?"

Sai da ta gama tukunyar da ke hannunta, ta ɗauraye, ta kife, ta goge hannu a zani.

"Jawo bokitin can ka zauna," ta ce. "Ka zo da biro? To, fara da na gefen hagunka. Juya ganyen ka faɗa mini launin bayansa."